Gishirin Zubarwa

Ranar Juma'a da safe na buɗe ƙofar baya riƙe da dogon burushin goge tafki, sai na tsaya cak. Ruwan da na bari jiya garau ya koma kalar ruwan wankin nama. Na zura burushin har ƙasa, na ji yana karta wani abu gurus-gurus. Na ɗago, na lakato da yatsa na kai baki. Gishiri ne.

Kwana tara ke nan da yin filasta. Wanda bai san aikin ba zai ce to mene ne, ai dama tafkin gishiri ake ginawa. Amma duk wanda ya zauna a teburin falona lokacin da muke tsara aikin ya ji Magini, mai yi mana aikin, ya faɗa har bakinsa ya gaji: sabon filasta sai ya yi wata guda cikin ruwan daɗi kafin ƙwayar gishiri ta taɓa shi. In aka yi gaggawa, gishirin zai kwanta a kai ya cinye shi. Ga shi kuwa ya cinye. Ta cikin ruwan ina hango tabo jajaye, ƙasan ya yi kurzunu, wani wurin har ya fara ɓantarewa.

Ba don gayu na haƙa rami a bayan gidana ba. Wata huɗu kafin wannan rana maigidana ya yanke jiki ya faɗi a sitonsa na fata da kirgi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Likitar da ke motsa masa gaɓoɓi ta ce ruwa ne zai ɗauke masa nauyin jiki har ƙafa da hannu su tuna aikinsu. Ta ce a yi da wuri, domin abin da bai dawo ba a watannin farko da wuya ya dawo. Sau biyu muka gwada tafkin otal, maganin da suke zubawa ya sa jikinsa ya yi ja yana ƙaiƙayi. Shi ya sa na zaɓi na gishiri, wanda na'ura ke sarrafa gishirin a hankali tana tsabtace ruwan.

Da tsufana na koma ɗaliba. Na san wane inji ne zai iya juya ruwan ba tare da ya hana mara lafiya barcin rana ba. Na san ƙarfen riƙewa da gishiri ba ya ci, na sa aka yi matakala masu faɗi yadda mutum biyu za su sauka tare. A kan abin tace ruwa ma sai da aka yi rigima. Mai Inji, wanda ke sayar mana da kayan, ya dage in ɗauki filta mai yashi, wadda ake murɗa hannu ta wanke kanta dattin ya tafi. Ni na ce mai ƙyalle nake so, wadda ake buɗewa a ga abin da ta tare, don in san abin da ke taɓa jikin mijina. Auta, ƙanin maigida da ke riƙe da sito tun ranar faɗuwar, yana zaune yana dariya.

"Matar Yaya, wannan kududdufin naki sai ya fi asibiti kayan aiki," in ji shi.

Har da ni aka yi dariyar.

*

Kafin hantsi unguwa ta cika bayan gidana. Kowa da wanda yake zargi, kuma duk bakin ya fi karkata kan Magini, tunda shi ke riƙe da makullin ɗakin inji inda na ajiye buhun gishiri goma sha biyu. Ni ma ban raga masa ba. Na faɗa masa maganganun da har yau in na tuna nake jin kunya. Ya tsaya riƙe da hularsa yana rantsuwa.

Auta ya iso da gudu, ya leƙa ruwan ya yi salati ya riƙe kai.

"Ai na faɗa, ma'aikatan yanzu ba amana. Ki yi haƙuri, matar Yaya. Ni a ganina a cike ramin nan kawai kowa ya huta. Yaya ya zauna a gida a yi ta addu'a, sito ina nan ina kula da shi."

Ni kuwa wawuya, har shayi na haɗa masa.

Maigida yana kan kekensa na marasa lafiya a bakin taga yana kallon ruwan. Na ga hawaye na bin kuncinsa na dama, wanda ba ya iya sharewa. A nan na ci alwashi a raina cewa ko wane ne ya yi wannan, sai na ga idonsa ya zubar da abin da ya fi haka. Na ɗauki waya na kira Baba.

Baba abokin mahaifina ne. Shekara talatin ya yi yana gadin gandun daji yana bin sawun masu sare itace da masu kisan namun daji. Yanzu ya tsufa, ya rame, ba ya ji sosai da kunne ɗaya, amma idonsa a ƙasa yake ko da yana gaisawa da mutum. Da ya shigo ya ga jama'a sai ya ja tsaki.

"'Yata, kin kira ni in yi karatu, kin bar awaki sun tattake takardar. Kowa ya koma gidansa!"

*

Da Magini ya fara. Ya sa shi ya buɗe ɗakin inji, ya tsuguna ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya yana shafa ɗinkin bakinsu.

"Jiya ka zo?"

"Na zo, Baba. Da azahar na gwada ruwa, na goge, na tafi. Uwar gida ta kai maigida asibiti, kowa ya san Alhamis ranar asibiti ce."

"Ta ina ka shigo?"

"Ta gaba. Ba ni da makullin ƙofar baya."

Baba ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Buhu goma sha biyu, ɗinkin kamfani, ba wanda aka farke. Gishirin da ke cikin ruwan nan daga waje ya zo. Malam, je ka ci abinci, kar ka sume mana."

A gindin katanga ya ga sawun takalmi da alamar ƙafafun tsani. Nan take zargina ya koma can, domin bayan katangar nan Maƙwabci ne, mutumin da tun ranar da aka fara haƙa yake min ƙorafi cewa ruwan gishiri zai kashe masa itatuwan lemo. Muka zagaya muka same shi yana ban ruwa. Yana ganin Baba ya sha jinin jikinsa.

"Me ya kai ka gidan mutane jiya?" in ji Baba.

"Ni? Wa ya ce... To, reshe ne ya karye ya faɗa ta can. Lemona ne, na je na tsince abina. Laifi ne?"

"Ka ƙi tafkin nan tun farko," na ce.

"Na ƙi shi, yanzu ma ban so shi ba! Amma ki yi tunani, baiwar Allah. Yanzu da aka ɓata ruwan, ba zubar da shi za ku yi ba? Ina zai bi in ba gindin itatuwana ba? Ni mahaukaci ne?"

Da muka fito Baba ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Mai ɗauke da buhu dugadugansa nutsewa suke. Wannan ya shigo sakayau ya fita sakayau, sai dai aljihu da ya ɗan yi nauyi."

Saura Mai Inji, wanda wata mata ta ce ta ga motarsa a ƙofar gidana da la'asar. Tun rigimar filta yake gaishe ni a daƙile. Muka same shi a shago, ɗaure da bel ɗin ciwon baya, yana zaune a karkace.

"Ƙarfen riƙewa na kawo, na ƙwanƙwasa ba kowa, na juya," in ji shi. "Baba, dube ni. Ko butar alwala sai an miƙo min, ni ne zan ɗauki buhu?"

"Ka ga wata mota?"

"A gaba dai babu. Layin baya ban bi ba."

Muka dawo hannu rabbana. Na ce wa Baba rana ta tafi a banza, kuma kowace rana da ta tafi daga jikin mijina ake cire ta. Ya ce in kwantar da hankali, kuma kar wanda ya taka bayan gida, kar a yi shara, kar a kunna inji.

"Gishiri ba ya magana da rana," ya ce. "Gobe da sassafe zan dawo."

*

Asabar rana na fitowa ya shigo. Ya ja ni muka tsaya a bakin tafki, ya ce in tsuguna in kalli ƙasa ta gefe. Raɓa ta riga ta bushe ko'ina, amma ga wasu ɗigo-ɗigo masu danshi, jere, daga bakin ruwa har ƙofar baya.

"Gishiri yana jan laima," in ji Baba. "Buhun yana yoyo. Jiya ƙura ta rufe shi, yau ya tona kansa. Sau uku aka yi sawu, buhu uku ke nan. Dubi kwaɗon ƙofar, ba a fasa shi ba, da makulli aka buɗe. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Me kike gani a kan ɗigon?"

"Ƙuda."

"Kin taɓa ganin ƙuda ya bi gishirin kanti?"

Ya shiga ɗakin inji ya ce in nuna masa inda datti ke taruwa. Na kwance murfin filta da hannuna, na zaro ƙyallen. Ya ɗauke shi ya fita haske, ya buɗe ninkin ɗaya bayan ɗaya. Na ga ya tsinci wani abu ya naɗe a takarda, ya kuma ɗebi ragowar gishirin da ya maƙale a bakin matakala ya ƙulle a leda.

"Baba, mene ne?"

"Wa ya zaɓi wannan abin tacewar?"

"Ni ce."

"Allah ya yi miki albarka. Da mai yashin nan ce da Magini ke ba ni labari, da hannu ɗaya za a murɗa shaida ta bi rariya. Zan je wani wuri in dawo. Gobe da hantsi ki tara min su duka, har da maigida."

Na roƙe shi ya faɗa min, ya ƙi. Ya ce ya san halina tun ina rarrafe, in ya faɗa yanzu gobe gawa za a tarar.

*

Lahadi na jera kujeru a bakin tafkin. Magini ya zauna a takure, Maƙwabci ya harɗe hannu, Mai Inji ya jingina da bango. Auta ne ya turo keken maigida da kansa, har yana gyara masa hula.

Baba bai yi dogon bayani ba. Ya kwance ledar, ya bi su ɗaya-ɗaya yana zuba wa kowa gishiri kaɗan a tafin hannu.

"Ni tsoho ne, ban san gishiri ba. Ku faɗa min wane iri ne wannan."

Magini ya ce gishiri ne mai datti. Maƙwabci ya ce shi bai ga bambanci ba. Mai Inji ya ce ba irin wanda yake sayarwa ba ne, nasa fari ne tas. Da aka zo kan Auta, tun kafin ya yi tunani hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya murza da babban yatsa, ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai na zubarwa ne, an riga an..."

Sai ya yi saurin sauke hannun.

"Ƙarasa mana, ɗana," in ji Baba. "An riga an yi me da shi?"

Auta ya kakkaɓe hannu a wando. "Ni dai na ce yana da datti."

"An riga an barbaɗa shi a kan ɗanyar fata, ya sha jini, an kakkaɓe shi an tara a bayan sito. Shi ya sa ƙuda ke binsa, shi ya sa ya yi wa filasta jan tabo." Baba ya buɗe takardar ya ajiye a cinyar maigida. Gashi ne gajere, ja da baƙi da fari. "Na akuya ne da na saniya. A cikin filta na tsince su. A gidan nan ba a kiwon ko kaza."

"Sito nawa ne a garin nan?" Auta ya ɗaga murya. "Ni kaɗai ke sayar da fata?"

"Da yawa. Amma nawa ne a cikinsu suka zauna a teburin da aka ce gishiri kafin wata guda yana kashe filasta? Nawa ne ke riƙe da makullan yayanka, har da na ƙofar baya? Jiya na je sitonku. Tsibin gishirin zubarwa an yi masa sabon rami. Tsohon da ke gadi ya ce ranar Alhamis da la'asar maigida ƙarami da kansa ya cika buhu uku, ya ce ciyawa zai kashe."

Baba ya matsa kusa da shi, ya sassauta murya.

"Ga sabon gishiri can a sitonku, fari fat, buhu kan buhu. Da shi ka ɗiba, da har yau ina tsugune a nan ina neman ka. Amma hannun ɗan fata ba ya iya zubar da sabon gishiri, ko da mugunta zai yi. Wa ya koya maka wannan tattalin? Ba yayanka ba?"

Ban san lokacin da na ɗauki burushin nan mai dogon ƙarfe ba, sai da Magini, mutumin da na ci wa mutunci, ya riƙe ɗaya gefen yana cewa, "Uwar gida, don Allah."

"Ni na yi!" Auta ya fashe. "Shekara ashirin ina ɗaukar masa kirgi a ka, ina wari, shi yana kan kujera. A wata huɗun nan ne aka fara gaishe ni a tsaye. In ya warke in koma me? Ɗan aike? Ni ban kashe shi ba, rami kawai na ɓata!"

"A gidan nan ka girma," na ce. "Ni na wanke maka ƙurajen kai. Ka ji da kunnenka likita ta ce kwanaki ake ƙirgawa, shi ne ka je ka sace masa kwanakin."

Maigida ya daɗe yana kallon gashin da ke cinyarsa. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya buɗe tafinsa. Wata huɗu ban ji kalma ta fita daga bakinsa a sarari ba, sai ran nan.

"Ma...kulli."

Auta ya zaro su daga aljihu ya sa masa a hannu.

*

Dangi suka yi ta sintiri, wai kar a kai maganar wurin hukuma, a rufa asiri, jini ɗaya ne. Na ce na yarda, amma da sharaɗi. Filastan da ya lalace, Auta ne zai fasa shi, da hannunsa, da guduma da kurfi, ba inji, ba mai taya shi. Suka ce wannan wulaƙanci ne. Na ce ai shi na nufa.

Tanka ta zo ta zuƙe ruwan don kar lemon Maƙwabci ya mutu. Kwana goma sha ɗaya Auta yana cikin ramin yana sara. Ni kuwa na kafa kujera a inuwa, na wangale ƙofar bayan nan da ya shigo ta ita, duk mai wucewa ya leƙo ya gani. Hannunsa ya yi kanta, kantar ta fashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Maƙwabci yana miƙo min lemo ta kan katanga ina sha. Ban ji tausayinsa ba ko na minti ɗaya, kuma ba zan yi ƙaryar na ji ba.

Magini na je har gidansa na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya sake filasta, muka sake jiran wata guda, kullum ina gogewa safe da yamma. Da ranar ta cika, ni na farke buhunan nan goma sha biyu na zuba da hannuna. Mako bakwai aka ci mana.

Ƙafa ta dawo. Da farko mu biyu ke saukar da shi matakala, daga baya ya riƙe ƙarfe shi kaɗai, har ranar da ya shiga sito da sanda ya zauna a kujerarsa. Hannun dama bai dawo ba. Na tambayi likita ko makonnin nan bakwai ne suka tafi da shi, ta ce ba wanda zai iya rantsewa. Ni zan iya.

Bayan shekara Auta ya zo da dattawa biyu neman gafara. Ya durƙusa a bakin tafkin, inda maigida ke zaune yana shan iska, ya miƙo hannu yana kuka.

"Yaya, ka yafe min."

Na ɗauka maigida zai ba shi hagu, yadda yake ba kowa. Sai na ga ya sa hagun ya tallabo hannun daman daga cinyarsa, ya ɗora shi a tafin Auta, ya saki. Hannun ya kwanta da nauyinsa, yatsun a lanƙwashe, sanyi ƙalau.

"Riƙe," in ji maigida. "Naka ne."

Auta ya rasa yadda zai yi. In ya saki, hannun zai faɗi ya bugi ƙarfen kujera. Haka ya ci gaba da durƙuso yana riƙe da shi, dattawan suna kallon ƙasa. Ni kuwa na shiga ciki na ɗora ruwan shayi, kuma ban yi sauri ba.